Ko Hadari Babu

Litinin, 14 ga Agusta, 2023
Gobe zan bar Daura zuwa Filato in ɗauko Mardiyya. Autata ce, ta gama bautar ƙasa, wai za ta zauna can saboda wani malamin makaranta, Zakiyyu. Zakiyyun banza! Yayata Inno ta ce in bi a hankali. Ni ba lallashi zai kai ni ba.

Laraba, 16 ga Agusta
Zakiyyu ya zo gaishe ni, ya durƙusa har ƙasa. Na amsa ciki-ciki. Wai gobe za su kai ni in ga ruwan da ke faɗowa daga dutse, kusa da wani tsauni da aka ce ya taɓa aman wuta. Zan je, a can zan keɓe ta.

Alhamis, 17 ga Agusta

Wurin da kyau, ba ƙarya. Ruwan daga marmaro yake fitowa, sanyi kamar na randa. Na ja Mardiyya kan wani falalen dutse a tsakiyar rafin, na ce ta zaɓa, ko ni ko shi. Tana kuka sai na ji Zakiyyu daga sama yana ihu, "Mama, ku fito, ruwa na zuwa!"
Na ɗaga kai, rana tarwai. A Daura in an ce ruwa na zuwa, sama ake dubawa. Na ce, "Ko hadari babu, zauna, dabara ce." Na riƙe mata hannu gam.
Ashe can bayan tsaunin aka yi ruwan, rafin ne ya ciko. Sai ƙara, sai ga shi jajawur. Zakiyyu ya faɗo ciki. Ni ya fara cicciɓa, ina zaginsa, ina cewa 'yata, 'yata. Ya koma. Ban gan su ba, wayyo Allah, ban gan su ba, sai can ƙasa, ya riƙe saiwa da hannu ɗaya, ita da ɗayan.

Juma'a, 18 ga Agusta
Mardiyya lafiya. Shi kafaɗarsa ta goce.

Lahadi, 20 ga Agusta
Na iso Daura ni kaɗai. Kuɗin mota ne ya yi tsada, shi ke nan.
Inno ta ce, "Wai ya ma sunansa?" Na buɗe baki, sunan ya ƙi fita. Na ce, "Yaron nan dai."
Ta kwashe da dariya. "Au, Adawiyya, har an fara kunyar suruki?"
Na tashi na shiga ɗaki. Gobe zan nemo masa man zafi a kasuwa.