Layin Dogo Bai Kai Malanbil Ba

Paraku, farkon damina

Zuwa ga Diza, uwar Mansura,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardata ta same ku lafiya, ke da Inna da ɗiyarmu. Ni nan lafiya lau, sai kewa.

Na ba Sabiru direban kamyon albasa wannan takarda, don a wayar talho ba ni iya faɗa miki komi. Muna da yawa a ɗakin kwananmu, kowa kunnensa a buɗe. Takarda kuwa kina iya karanta wa Inna sannu-sannu, tunda kunnenta ya yi nauyi.

An ɗauke ni daga gyaran hanyar jirgin ƙasa, an sa ni cikin masu tsara abin da za a yi in hatsari ya auku. In jirgi ya kauce, ko ruwa ya ci gada, wa za a fara kira, ina za a kai masu rauni, ta ina za a kawo ƙarfe da tsakuwa a mai da hanya. Shef, shugabanmu, ya ce mu haɗa har da yankin da ba a shimfiɗa ba tukuna, daga nan zuwa Malanbil. Abokan aiki suka yi dariya, suka ce tun kakanninsu ake cewa jirgi zai kai bakin gulbi. Ni dai na roƙa aka ba ni yankin. Yanzu taswira tana gabana kullum, ina bin layi da yatsa: Kandi, Gene, sai gida.

Ki taimake ni da abu guda. Ki je wurin Na-Allah mai kwalekwale, ki tambaye shi: in gulbi ya cika, wane tudu ne ruwa ba ya hawa tsakanin ƙauyen Garu da gari? Masu jirgin ruwa nawa za su amsa in an kira su? Taswira ba ta faɗin wannan.

Ki gaida Inna, ki ce mata ina nan tafe da an gama.

Naki,
Zahiru

*

Malanbil, ran kasuwa

Maigida,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, mun gode Allah. Ina aiki, ina baƙunci?

Na karanta wa Inna takardarka har sau biyu. Da na kai wurin yatsa da taswira sai ta ce, "Yatsansa ya iso, shi fa?"

Na je wurin Na-Allah. Na iske shi yana toshe ɓular jirgi, bai ko ɗago ba ya ce, "Jirgin ƙasan da babu shi ne zai faɗi?" Na ce masa ni 'yar aike ce. Sai ya aje guduma ya zaga da ni. Ya ce tudun lakwal, makarantar yara, da na bayan makabarta ba su taɓa nutsewa ba. Ya tara abokan sana'arsa, suka yarda in an buga tsohon ƙarfen mota da ke rataye a mashigi, kowa ya taho da jirginsa. Na je meri ma, ofishin magajin gari, na gaya wa wani ma'aikaci. Ya rubuta, ya ce madalla. Ka ga ka mai da ni ma'aikaciyar jirgin ƙasa, ni da ban taɓa ganin jirgin da idona ba.

Shinkafarmu ta Garu ta yi kyau. Mansura ta fara rubuta sunanka, amma kullum tana juya harafin farko. Inna ba ta cin tuwo sosai. Da yamma takan sa a fitar mata da tabarma ƙofar gida, ta fuskanci hanyar kudu, duk kamyon da ya rage gudu sai ta gyara lulluɓi.

Ni ba ni zama ƙofar gida, ina da aiki. Amma ina jin kamyon nan kamar yadda take ji.

Ka huta lafiya.
Diza

*

Sansanin gyara, kudu da Paraku

Diza,

Ina gaishe ku. Ki yi haƙuri da munin rubutu, a kan gwiwa nake yi.

Na so in taho makon nan, har na nemi izini. Sai aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, ya kwashe ƙasar da ke ƙarƙashin wata ƙaramar gada, ƙarfen hanya ya rage a rataye. Jirgin kaya yana tafe. Direban ya hango ya taka birki, duk da haka taragu biyu suka kwanta, mataimakinsa ya karye a cinya. Abin da muka tsara ya yi aiki: an kira jandarma da 'yan kwana-kwana a kan kari, an kai shi asibiti da ransa. Yanzu mai da hanyar a wuyana yake. In na juya baya, mutanen da ke aiki ƙarƙashin taragun nan ba su da mai duba musu inda ƙasa za ta sake zamewa.

Na ji a rediyo gulbi yana hawa wajenku. Na kira ki, layi ba ya shiga. Don Allah kada ki jira sai ruwa ya zo ƙofa. Ki kai Inna tudun lakwal tun da ƙafa tana taka ƙasa.

Zahiru

*

Malanbil, daga lakwal

Maigida,

Ina yi maka ta'aziyyar Inna kuma da hannuna, don ranar da aka samu layi na gaya maka, kuka ya hana ni ƙarasawa.

Ruwa ya shigo unguwa da hantsi, a hankali, kamar ba zai yi komi ba. Kafin azahar ya kai ƙugu. Na ruga mashigi na buga ƙarfen nan har hannuna ya kumbura. Suka taho, Zahiru, ba wanda ya noƙe. Na-Allah da kansa ya ɗauko Inna a bayansa ya sa ta a jirgi. Ba a rasa rai ko ɗaya a ruwa ba a unguwarmu. Shinkafa ta tafi, ɗakinmu na baya ya zube.

Inna ba ruwa ya ci ta ba. Sanyin simintin aji ne ya shiga ƙirjinta, likita ya yi iyakar ƙoƙarinsa. Ran da za ta cika ta tambaye ni ko ka ci abinci a inda kake. Na ce mata ka ci. Ta ce, "Ki ce masa na yafe, aikin ceton mutane yake yi." An yi mata sutura bayan la'asar, a tudun bayan makabarta, wurin busasshe ne. Jama'a sun taru sosai.

Na faɗa maka saƙonta yadda ta ba ni. Nawa saƙon daban ne. Na yi fushi da kai ranar nan, ina tsaye cikin mata ana tambayata ina ɗanta. Fushin ya wuce. Abin da ya rage ya fi fushin nauyi.

Allah ya jiƙanta, ya ba mu haƙuri.
Diza

*

Paraku

Uwar Mansura,

Amin. Allah ya saka miki da alheri, kin yi mata abin da ni ɗanta ban yi ba.

An buɗe hanya, jirgi ya wuce a kan sabuwar gadar. Mutane suna tafi, ni na koma bayan taragu na zauna. Zan taho in ziyarci kabarinta da an sallame mu, amma akwai maganar da ba ni son ki ji a bakin wani. Shef ya ce in riƙe sashen agaji gaba ɗaya, aikin kuma a nan yake, ba na wata ɗaya ba ne ko biyu. Na ce a ba ni lokaci. In na karɓa, nesa ta ci gaba. In na ƙi, na san ba a gama koya wa sababbin ma'aikata ba, damina kuma za ta dawo.

Ban iya yanke wannan ni kaɗai ba. Abin da kika ce shi zan yi. Ina kewar muryarki a tsakar gida, har faɗan da kike yi wa awaki.

Naki har kullum,
Zahiru

*

Malanbil

Maigida,

Sallama da gaisuwa. Ka karɓi aikin.

Ka taho ka ga kabarin Inna, ka gode wa Na-Allah baki da baki. Na bar wa ƙanena gonar Garu, awaki kuma na kai su wurin gwaggona. Sabiru ya ce ranar komawarka akwai wurin mutum uku a gaban kamyo.

Ka nemo mana ɗaki mai ƙofa tasa, nesa da abokan kwananka.

Sai ka iso.
Diza