Garba Sakkwato Uku a Dutse Ɗaya

Zuwa ga Yaya Hadiza a Kumasi,

Gaisuwa mai yawa. Ina maigida da yara? Mu nan lafiya lau.

Jiya Isa mai injin niƙa, wanda sunka tafi yaƙin Turawa na ƙasar Bama da Yaya Garba, ya kai mu bariki ganin dutsen da anka rubuta sunayen sojan da ba su dawo ba. Inna ta ce, "Duba mini shi." Kin san ba ta faɗin sunan ɗan fari.

Yaya, ashe Turawa ba su rubuta sunan uba, sai na gari. Garba Sakkwato har uku na iske! Na rasa namu.

Inna ta shafa su duka, ta ce, "Bari, kowane da uwatai."

A gaida Baffa. Ki sa su Garba cikin addu'a, su ukun.

Ƙanenki,
Umaru