Ƙorafi Kan Ajiye Gwaggo Bisa Shaidar Allura

Mijinyawa Direba,
Hor Al Anz, Dubai.
14 ga Agusta, 2024.

Zuwa ga Alhaji Gidaɗo,
Manajan Sufuri,
Kamfanin Jigilar Kaya na Gidaɗo da 'Yan'uwa, Deira.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: Cire motata daga jerin masu ɗaukar kaya

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina gabatar da kukana. Ni ban taɓa zama a aji ba. Malam Idris mai auna kaya ne ya riƙe biro, amma maganar tawa ce, kuma na hana shi yi mata kwalliya.

1. Ranar Litinin, 5 ga wannan wata, da azahar, ina ɗauke da katan arba'in na takalma zuwa sito a Al Qusais, allurar zafi ta tsohuwar motar dizal ɗin kamfani, wadda kowa ya sani da Gwaggo, ta hau ja. Na kawo rahoto da bakina, ba kama ni aka yi ba. Ina roƙon a lura da wannan.

2. Ranar Talata aka miƙa ta ga Malam Maharazu, makaniken kamfani. Mutumin kirki ne, yana gaishe ni har ƙasa. Amma bai ɗora hannu a kan tiyon ruwa ba, bai leƙa lagireto ba. Ya dubi allura, allura ta dube shi, suka yarda da juna. Sai ya yi irin ta gida: ya kwance tamostat, ƙarfen nan mai buɗe wa ruwa hanya, ya jefa a durowa, ya haɗa fanka kai tsaye. Wannan magani a garejin Kano ake ba kowace mota shi, mai zazzaɓi da mai ciwon ƙafa. An cire wa Gwaggo haƙori mai lafiya, allura kuwa ta sake hawa ja.

3. Ranar Laraba, 7 ga wata, ya rubuto maka cewa injin ya gama yayinsa, khalas. Kai kuma ka sa hannu aka ajiye ta, Allah ya ƙara maka lafiya, ba tare da an kira ni ba.

Ranka ya daɗe, shekarata hamsin da ɗaya a bayan sitiyari. Na ƙetare hamada daga Agadas da lagireto mai yoyo, na toshe shi da garin barkono, mu goma sha tara muka isa da ranmu. Tanka ta kama wuta da ni a hanyar Damaturu, ga tabon nan a wuyana. Inji mai zafi tun kafin allura ta sani hancina ya sani.

4. Ranar Juma'a bayan masallaci na bincika da kaina. Tiyon sama da zafi, amma hannu na jurewa. Ruwa bai ragu ba, mai bai yi fari ba, babu kumfa a bakin lagireto. Na kunna esi, allura ta yi tsalle. Na ƙara fitilu, ta ƙara gaba. Na kashe, ta dawo tsakiya kamar ba ita ba. Zafin gaskiya a hankali yake hawa, ba ya tsalle. Na bi waya har na iske wadda ke ɗaure da jikin ƙarfen mota, gumin tekun garin nan ya cinye ta da tsatsa. Na goge da samfefa, na ɗaure. Tun ranar allura ta shiga hankalinta. Malam Maharazu ya ce sa'a ce. To, na gode, shekara hamsin da ɗaya ina yin sa'a.

5. Ka sani, na sani, ba wanda zai danƙa sabuwar mota a hannun mai furfura irina. Idan aka ajiye Gwaggo an ajiye ni, bizata kuma a watan Oktoba take ƙarewa. Zan koma gida wata rana, amma ba da sunan wanda ya ƙona inji ba.

Saboda haka ina roƙo da ladabi a mayar da Gwaggo cikin jeri, a umarci Malam Maharazu ya buɗe durowarsa ya mayar mata da haƙorinta. Sannan ka zaɓi rana, da ƙarfe ɗaya na azahar, ka zauna gaba, Malam Maharazu a baya, mu tafi Al Qusais da cikakken lodi, esi a kunne. Idan allura ta wuce tsakiya, da hannuna zan miƙa maka makulli a bakin sito. Idan ba ta wuce ba, shayin dawowa a kan Malam Maharazu.

Ina jiran umarninka, tare da biyayya da fatan alheri.

Naka mai ladabi,
Mijinyawa Direba
(na dangwala yatsa)