Ɗigo Uku A Jikin Injin Casa

Assalamu alaikum Baba. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga mahaifi, da fatan Allah Ya haskaka makwancinka.

Na zo da laifi da kuma labari. Laifin shi ne bara na rufe maƙerarka ta Gwandu, wadda ka ce kada in bar wutarta ta mutu. Laujen kanti ya cika kasuwa, manoma sun daina zuwa, na jingine zuga-zugi na koma kabu-kabu. Kullum na wuce ƙofar sai in kau da kai, kunyarka nake ji.

Ka tuna injinan da gwamnati ta taɓa kawowa, suka yi tsatsa gindin darbejiya? Ka yi dariya ka ce, "Injin da babu maƙerinshi cikin gari, gawa na." To Baba, da alama maganarka ta isa inda ba ka aika ta ba.

Bana mutanen wata cibiyar binciken gwamnati suka tara maƙera da masu walda a Kalgo. Ba su zo da injin rabo ba. Zanen ƙaramin injin casar shinkafa suka kawo, suka koya mana karanta shi da awo, don mu ƙera da hannunmu mu sayar. Shugabarsu injiniya ce, mace. Na san da kana nan sai ka gyara hula ka yi tari, amma wallahi ta san aikinta, kuma har maƙerarka ta biyo ni ta zauna kan kututturenka.

Ranar gwaji haƙoran injin da muka haɗa wurin koyo suka lanƙwashe. Injiniyar ta koma duban takarda. Ni kuwa muryarka nake ji: "Ƙarhe ba shi jin Turanci, wuta ɗai shika ji." Na hura gawayi, na jira launin da ka koya mani, na tsoma ƙarfen yadda kake yi wa lauje, na ƙwanƙwasa na saurari ƙararsa. Haƙoran suka tsaya. Ba ta ji girman kai ba, ta ɗauki biro ta ce in maimaita a hankali, za su ƙara shi cikin abin da suke koya wa sauran. Ita ta ba ni zane, ni na ba ta abin da ka bari.

Da na gama injin farko na ɗauko kurfi, ƙarfen buga alama, na buga ɗigo ukun nan da kake sa wa laujenka. Wani dattijo daga Maruda ya zo kallo. Ya shafa wurin da yatsa, ya dube ni ya ce shi dai an gaya mashi mai wannan alama ya rasu. Baba, sai na juya ina gyara wuta kamar hayaƙi ne ya shiga idona.

Na sayar da babur. Wutarka tana ci, kuma ina kewarka ƙwarai.

Allah Ya jiƙanka da rahama, Ya yafe mani watannin da na bar maƙerar da sanyi, Ya saka wa waɗanda suka kawo ilimi har ƙofarmu. Amin.

Ɗanka, wanda har yau bai kai ka iya lauje ba,
Umaru