Esin Ɗakin Karatunmu Bai Mutu Ba, Toshe Shi Aka Yi

Zuwa ga Alhaji Shugaban Kwamitin Ɗakin Karatu na Mata na unguwarmu, nan Aliero, tare da sauran iyayenmu 'yan kwamiti.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka shi daɗe, bayan gaisuwa irin ta ɗiya ga ubanta, ina fatan kai da iyali kuna lafiya. Ya zafi, ya ɗawainiyar jama'a? Allah shi ƙara haƙuri.

Sunana Ubaida, shekarata goma sha shida. Na san ba ka san ni ba, kuma ba laifinka ba ne, don ni ko a gidanmu sai an ƙirga kwanon abinci ake tunawa ina nan. Ni ce yarinyar da ke zama a kusurwar ɗakin karatu, ƙarƙashin na'urar sanyaya ɗaki da ke cikin bango, wadda muke ce wa esi. Shekara uku ke nan ina zama wurin. A gida ana gyaran albasa tun safe har la'asar, ga ƙanne, ga aike. Wanga ɗaki kaɗai ne Baba ke barina in je in zauna ba don komi ba sai karatu, saboda mata ne zalla. Ba zan ɓoye ba, littattafan soyayya na fi karantawa, na san kuma manya ba su ɗaukarsu da daraja. Amma a cikinsu na iya karatun Hausa har na iya rubuta wagga takarda.

Na ji hukuncin da kwamiti ya yanke: esi ya mutu, ɗaki ya yi danshi, don haka bayan Juma'a mai zuwa za a cire shi, a toshe ramin, a rufe ɗakin har sai yadda hali ya yi. Littattafan da suka yi funfuna kuma za a ƙone su, tun da akwai sunan Allah a farkon kowanne, bai kamata a zubar da su a bola ba. Tuni Inna Kulu, mai kula da ɗakin, ta zuba su a buhu uku ta jingine bayan ƙofa.

Ranar da kuka zo duba ɗakin ina nan. Na shirya magana tun daga gida, na maimaita ta a hanya. Da kuka shigo sai na sunkuyar da kai ina kallon tabarma har kuka fita. Daga baya na rubuta 'yar takarda na kai gidanka, ban ji komi ba. Shi ya sa na rubuta wagga a fili, ko wani zai karanta maka ita.

Ni ba mai gyara ba ce. Amma na tsinci ɗan littafin bayanin da ya zo tare da esin a cikin durowar tebur, na karanta shi da ƙamus don da Turanci yake, shafi bayan shafi, yadda nake karanta sauran. Ga abin da na gani da idona.

Na ɗaya, maganar ruwa. Kowane esi yana fitar da ruwa, ba ciwo ba ne. Shi ya sa ake girka shi a ɗan karkace, bayansa ya fi gabansa yin ƙasa, don ruwan ya bi wata 'yar ƙofa ya ɗiga waje. Namu shekara biyu da rabi yana ɗiga waje. Sai bana, bayan cirar albasa, maƙwabcinmu Baba Magaji ya tara tasa a jikin bangon ta baya, saboda wurin akwai inuwa. Duk ɗan garin nan ya san albasa ba ta shiri da ruwa, ɗigo kaɗan ya isa ya ruɓar da buhu, buhu ya ruɓar da na kusa da shi. Da ya ga ruwa na sauka kan abincinsa na shekara, sai ya cusa totuwar masara da tsumma a 'yar ƙofar, ya kuma tokare bayan esin da rabin bulo biyu ya ɗaga shi sama. Ruwa ya rasa hanya, ya juyo ciki. Ya bi bango ya sauka kan kanta ta uku, inda littattafan Hausa suke. Ban ji wannan a bakin kowa ba. Na zagaya bayan ɗakin da ƙafata, lokacin da maza suka tafi sallar Azahar, ina sanɗa kamar na je sata. Totuwar tana nan. Bulon yana nan. Ba ƙarar Baba Magaji nake kawowa ba, uba ne, kuma ko Babana ne da haka zai yi. Bai san inda ruwan ya koma ba, ba kuma wanda ya faɗa masa.

Na biyu, Baba Magaji ya kewaye albasar da zana, zanar kuma ta manne da bayan esin. Ta bayan nan yake fitar da zafin da ya kwaso daga ɗaki. Da aka rufe shi, zafin na komawa cikinsa, sai ya yi ɗan aiki ya kashe kansa, ya huta, ya tashi, ya sake mutuwa. Littafin ya ce da gangan aka yi shi haka don kada ya ƙone. Wannan ne Inna Kulu ke kira shaƙuwa, wannan ne kuma kuka ji ranar da kuka zo.

Na uku, akwai wata raga a bayan murfin gaba mai tace iska, ana zaro ta da hannu a wanke da ruwa. Tun da aka girka esin ba wanda ya taɓa ta. Na leƙa ta tsakanin murfin, ta toshe da ɓawon albasa da yanar gizo har ta zama kamar bargo. Saboda haka iska ba ta ratsawa, ƙanƙara na taruwa a ciki, in an ɗauke wuta ta narke ta ƙara wa littattafai ruwa. Na so in zaro ta, Inna Kulu ta ce kwamiti ya hana kowa taɓawa, in ya lalace a hannuna ba ta da bakin kare ni.

Na huɗu, an faɗa muku har iska mai zafi yake hurawa, wai alamar mutuwa ce. Ranka shi daɗe, esin nan iri biyu yake yi, sanyi da ɗumi. Inna Kulu ta ga hoton rana a jikin maɓallin, ta ga lokacin rana ne, ta murɗa shi can, alhali hoton rana ɗumi yake nufi. Kwana biyu muna gasuwa. Ni na mayar da shi a ɓoye da ta fita alwala, ban faɗa mata ba don kada ta ji kunya.

Na biyar, mai gyaran da aka ɗauko daga Jega bai zagaya baya ba. Ina zaune ya shigo, ya kunna, ya saurara, ya bubbuga gefen da ɗan yatsa, ya ce zuciyar esin ta ƙone. Ko murfi bai buɗe ba. Wataƙila yana sauri ne, wataƙila ya fi ni gaskiya, ban sani ba. Na dai san ni na ga bayan, shi bai gani ba.

A littattafan da nake karantawa, kowane ɗaki akwai esi, sanyi na ratsa labule, ƙamshi na tashi. Ban taɓa karanta inda aka tara roba ƙarƙashinsa ba. Mu roba biyu muke tarawa, ni da wasu 'yan mata uku da suka rage, muna juye ruwan a gindin zogale. Sauran sun daina zuwa saboda warin danshi. Wani littafi mai kashi huɗu, na karanta uku, na huɗun ya manne ya zama kamar ƙosai, na ɓamɓare shafin ƙarshe sai tawada ta biyo yatsana. Har yau ban san ko masoyan sun sadu ba.

Ga roƙona, in ana jin roƙon irina:

A aiki babba guda ya zagaya bayan ɗakin kafin Juma'a, ya duba kawai.

A yi wa Baba Magaji magana cikin mutunci, a zare totuwar, a cire bulon, a ja zanar baya kamu biyu. A sa guntun tiyo a 'yar ƙofar ruwan, a kai bakinsa cikin bokiti nesa da albasarsa. Mu za mu riƙa juyewa.

A ba mu izini mu wanke ragar.

In an yi waɗannan bai tashi ba, na yarda ya mutu, ba zan ƙara cewa komi ba. Amma a ba mu buhunan nan mu shanya a rana kwana uku kafin a sa musu wuta. Ba duka suka lalace ba, wasu gefe kawai suka jiƙe.

Gaskiya ban sa rai ba. Kwamiti ya zauna, mai gyara ya yi magana, maginin da zai toshe ramin ma an ce an yi masa magana. Wa zai warware duk wannan don wata yarinya ta karanta ɗan littafi da ƙamus? Na rubuta ne don kada a rufe ɗakin ina da magana a ciki.

Abu na ƙarshe. Akwai littafi ɗaya da na ara yana hannuna, lafiyarsa ƙalau, ko ɗigo bai taɓa shi ba. Ranar Alhamis ya kamata in mayar, kuma ban taɓa wuce rana ba. Inna Kulu ta ce duk wanda aka mayar yanzu buhu zai shiga, don kantar ta jiƙe ba inda za a aje shi. Ku faɗa mini yadda zan yi da shi. In ban ji daga gare ku ba, zan kai shi, don amana ce, ba nawa ba ne.

Allah shi ja zamaninka, shi ba ka lafiya da nisan kwana, shi saka maka da alheri kan shekara ukun da muka yi a inuwar wanga ɗaki. Allah shi tsare albasar Baba Magaji daga ruɓa. In na yi rashin kunya a cikin maganata, a yafe mini, ban saba ba.

Wassalam.

Ɗiyarku,
Ubaida