Kujerar da Ke Warin Kare

Assalamu alaikum, Yaya Saudatu.

Ina fata kowa lafiya a Tudun Wada. Yaya ƙafar Inna? Ki shafa min kan Amir.

Ni lafiya lau, bayana ne kawai ya ɗan matsa min. Kin san a ɗaki nake aiki, wuni nake gaban kwamfuta. Likita ya ce ko in nemi kujera mai tallafe gadon baya, ko in bar aikin. Na sayi wata mai tsada wurin wani Bature, ya rantse ba wanda ya taɓa zama a kanta.

Yaya, ashe karensa ne yake kwana a kai! Ga wari, ga gashi a kowane saƙo. Na wanke har na gaji, amma kullum sai na canza kaya kafin in yi salla. Da na kira mutumin, dariya ya yi, wai, "Ai karena ya fi ni tsabta."

Abin haushin, bayan nawa ya yi sauƙi a kanta, shi ya sa na kasa jefar da ita. Don Allah ki aiko min turaren wuta mai ƙarfi daga Kasuwar Kure. Kuma kada Inna ta ji, wallahi ba za ta sake bari in zauna bakin gadonta ba.

Allah ya bar mu tare.

Ƙanwarki,
Karima, daga Ingila