Khaulat Ta Riƙe Bokitin Hajiya

Zuwa ga Malama Safiatou,

Assalamu alaikum. Ni ne Alhaji Sabitu, mahaifin Khaulat da ke ajinki. Raina a ɓace yake, shi ya sa na rubuto maimakon in zo.

Ranar Talata da ruwa ya sauko, Hajiya mahaifiyata ta ɗauko bokitin shara za ta juye a kwata, yadda kowa ke yi a unguwarmu ta Zongo don ruwa ya tafi da ita. Sai Khaulat ta riƙe bokitin tana ɗaga murya, wai shara ke toshe kwata. A gaban maƙwabta fa. Tsohuwa ta wuni ba ta ci abinci ba.

Tarihi da labarin ƙasa na san kina koyarwa, sai ga shi an ce leƙen kwatoci kike kai yara. Daga yau Khaulat ta bar makaranta, ta taya uwarta zaman shago.

Ki huta lafiya.
Alhaji Sabitu

*

Alhaji,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ka, ina gaishe da Hajiya. Ɗaga mata murya kuskure ne, kuma dole Khaulat ta durƙusa ta ba ta haƙuri.

Amma leƙen kwata kam ba zan daina ba. Bara ruwa ya shigo mana aji har gwiwa, yara suka yi ta kuka don ba su san inda za su nufa ba. Shi ne na raba musu layukan unguwa, kowa ya zano inda ruwa ke bi, inda yake tsayawa, da tudun da za a gudu.

Khaulat da ka sani, barci take yi in na fara labarin koguna. Yanzu ita ke tsare ni da tambaya har a tashi. Wallahi in ka cire ta zan ji zafi ƙwarai. Kujerarta na nan, ba wanda zan ba.

Allah ya huci zuciyarka.
Safiatou

*

Malama,

Ina wuni. Djamila 'yar ajinmu ce za ta kawo miki wannan.

Na durƙusa wa Hajiya. Ta ce ta yafe, amma in yi alkawarin ba zan sake ba. Na ce murya ba zan ƙara ɗagawa ba, bokiti kuwa zan sake riƙewa. Ta yi mini daƙuwa, ta kau da kai tana dariya. Baba dai bai yi dariya ba.

Na goge kayan makarantata, Litinin zan sa su in tsaya a gabansa. Tsoro nake ji sosai. In ba ki gan ni ba, ki ba Djamila layina. Kwatar bayan masallaci ta toshe, a je a duba ta, kada a jira ni.

Ɗalibarki,
Khaulat